Ɓawon Lemun Tsami a Ƙarƙashin Teburin Baba

A shekarar da ciwon bushiya ya shiga garken shanu ne na bar tukubar mahaifinmu. Ba zan iya ce muku shekara kaza ba ce a lissafin boko, don a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma duk mahaucin da ya kai shekaruna a Kaduna ya san ta. Ita ce shekarar da Fulani ke saukowa ta hanyar Rigachikun da sanda a kafaɗa, babu saniya a gabansu. Ke Sa'adatu kina goye, kai Nuhu ba a haife ka ba, sauran kuwa ba a ma fara zancenku ba. Na san abin da kuka taso kuna ji a gefen tabarma wajen biki da suna: wai ubanku korarsa aka yi daga cikin mahautan Kawo don ya wanke nama. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuma gode da wannan kunyar. Amma yanzu gwiwoyina sun fara ƙi, hayaƙi ya ci idona, hannun nan kuma sai da ya tsufa da riƙon wuƙa sannan ya koyi riƙon biro. Gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya ganin layin takarda.

Mu biyu Baba ya bari maza, Yaya Garba da ni, ya kuma bar mana abu uku: tukuba, tebur da wuƙa. Tukubar tana gindin wata darbejiya a bakin tashar Kawo, tudun toka ne da ya taru shekara da shekaru, wuta a tsakiya, tsinkayen tsire a kewaye. Mu tsiren rana muke yi. Direbobi da fasinjan Zariya da Kano su ne mutanenmu, daga hantsi zuwa la'asar. Yaya ke zuwa kwata da sassafe ya zaɓo nama, ni ke yankawa, in soke, in kula da wuta. Gida ɗaya muke a Hayin Banki, tukunya ɗaya, ɗakin Inna a tsakiya. Inna ba ta faɗin sunan Yaya don ɗan fari ne, sai ta ce Babba. Ni kuma Auta take ce mini, har sunan ya bi ni tasha. Yaya mutum ne mai ƙarancin magana, zai yini a gefenka bai ce komai ba in ban da "juya" ko "ƙara itace". Ban taɓa ganin ya yi wa wani ƙarya a kan nama ba. Ku riƙe wannan, don kada abin da zan faɗa a gaba ya sa ku raina shi.

Baba yana da doka guda da ya ɗora mu a kai. Duk wanda ya tsaya a gaban tebur, kafin a yi ciniki, sai a yanko masa ɗan guntu a miƙa masa a kan bakin wuƙa. Yana cewa:

"Ku ba mutum nama tsirara ya ɗanɗana, kafin yaji, kafin albasa. In ya saya, to. In bai saya ba, ya dai tafi da sanin ba ku ɓoye masa komai ba."

Akwai kuma abin da ku da ba ku taso a fawa ba ba za ku sani ba. Mahaucin da namansa ya kwana ya fara juyawa, ko wanda dabbarsa ta mutu kafin wuƙa ta kai wuyanta, in ba ya tsoron Allah, da ruwan lemun tsami yake wanke naman. Tsamin yana kashe warin, yaji ya rufe sauran. Kowane ɗan mahauci ya san haka tun bai kai tsawon tebur ba. Saboda haka lemun tsami ba ya zuwa kusa da teburin nama. Ko mura kake yi, sai ka koma can nesa ka sha abinka, ka wanke hannu, sannan ka dawo. Ni ma na san wannan. Ba zan ce muku ban sani ba.

Da bushiya ta yi ƙarfi, nama ya zama abin nema. Yaya zai fita da babban daro ya dawo da abin da bai rufe gindinsa ba, wata rana ma ya dawo da daron a kife a kansa. Ga tsada, ga tsoro, don labari ya cika gari cewa ana shigo da mushe ana sayarwa. Mutane sai su tsaya nesa da tebur suna miƙa hanci kafin su miƙa hannu. Na riƙa yanka nama da siranta har kana iya hango wuta ta cikinsa. Akwai wani direba Bakatsine, Ɗan'azumi, mai jigilar Kano, bakinsa ba ya hutawa. Ya ɗaga tsinke sama ya duba shi a rana, ya ce:

"Kai Auta, wannan tsire ne, ko tsinken sakace ka shafa wa yaji?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a gida baki goma sha ɗaya ke jiran abin da tsinkayen nan za su kawo. Na lura Inna ta fara yawan azumin Litinin da Alhamis, har da ranakun da ba Litinin ba ba Alhamis ba.

Uwarku Asabe a lokacin tana zuwa wanki gidan wani likita ɗan Sudan a Malali. A can ta ga matar gidan tana yanka kayan lambu tana zubawa a kwalba da gishiri da ruwan tsami, su yi kwanaki ba su lalace ba. Shekarar nan kuwa, kamar an musanya, shanu na mutuwa amma lambunan Rigachikun sun yi albarka. Karas da kabeji da albasa har ana rasa yadda za a yi da su. Sai ta samo wata tsohuwar kwalbar alewa mai faɗin baki, ta gwada da lemun tsami. Wata rana da yamma na shigo da guntayen tsiren da suka karye daga tsinke, abin da mutum ɗaya zai cinye bai san ya ci ba. Ta karɓa, ta tsaga burodin da ta sayo wa yaran gida, ta shimfiɗa guntayen a ciki, ta ɗebo na kwalbar ta matse ta zuba, ta tsinko ɗaɗɗoya a bayan ɗaki ta yaga a kai. Ta yanka gida biyar. Na ci nawa a tsaye. Yaji ya fara zuwa, tsami ya biyo shi, karas ya yi ƙaras a haƙori, sannan naman ya fito, ya cika baki kamar yana da yawa. Ta tsaya tana kallona.

"Malam, ba ka ce komai ba."

"Ina lissafin mutum nawa suka ci ne."

"Biyar," in ji ta. "Kuma babu wanda ya yi kuka."

Tun da wannan abin ne ya raine ku, bari in rubuta yadda ake yin sa, ko wani a cikinku zai buƙata. Naman cinya ake nema, na ranar, mara jijiya. A yanka shi falle-falle, kada ya yi kauri, a shafa masa gishiri da man gyaɗa. Yajin kuwa ƙuli-ƙuli ne dakakke da citta da barkono da masoro da ɗan kanumfari, a tankaɗe, a birkita naman a ciki har ya rufu. Ba a ɗora shi a kan harshen wuta, a gefen garwashi ake jera shi, zafi ya riƙa dukansa a hankali, ana juyawa ana yayyafa mai. Kayan kwalba tun jiya ake yin su: karas sirara kamar ashana, kabeji, albasa, kokwamba in akwai, da attaruhu ɗaya a tsaga, a zuba gishiri, a matse lemun tsami har ruwan ya sha kansu, a ɗan sa sukari, a rufe. Burodi a tsaga shi amma kada a raba shi biyu, a jingina shi a gefen wuta cikinsa ya ɗan bushe, a shafa masa man da ya tsatso daga naman. Nama ne a ƙasa. Kayan kwalba sai an matse su a tafin hannu tukuna, in ba haka ba burodin zai jiƙe ya zama kamar fanke a ruwa. A kan su a yaga lawashi da na'a-na'a da ɗaɗɗoya, da hannu, ba da wuƙa ba. A ƙara yaji, a danne, a naɗe a takarda. Shekara da shekaru ina naɗe shi a tsohuwar jarida ban san me ke rubuce a jikinta ba.

Da na kai maganar wajen Yaya, bai so ba. Ya daɗe yana kallon kwalbar kamar wadda aka zuba wa maciji. Amma shi ma yana da 'ya'ya shida, kuma ya ga azumin Inna. Abin da ya ce kawai shi ne:

"Kwalbar nan kada ta hau tebur. Kada ta zo kusa da shi ma."

Na amsa. Na riƙa ajiye ta a kwando can bayan darbejiya, taku goma daga nama. In an sayi burodi, sai in ɗauki naman in je can in haɗa in dawo. Ɗanɗano kuwa ban daina bayarwa ba, tsirara kamar yadda Baba ya ce. Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Direba zai riƙe shi da hannu ɗaya yana tuƙi, mai ɗaukar kaya ya ci ɗaya ya wuce har yamma. Naman tsinke uku ya zama abincin mutum guda har ya ƙoshi. Ɗan'azumi ya riƙa kawo fasinjansa da kansa yana cewa su zo su ci tsiren da ya sa riga. A cikin wata biyu Inna ta koma azumin Litinin da Alhamis na gaskiya. Yaya bai taɓa ci ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

Kuskuren a wata Alhamis na yi shi. Kafin azahar kwalba ta ƙare, ga motocin Kano biyu sun cika suna jiran tashi, mutane sun kewaye ni kowa yana miƙo hannu. Yaya ya koma kwata ko zai samu ƙari. Daga tasha zuwa gida ba wata tafiya ba ce, amma tun safe nake tsaye a bakin wuta, ƙafafuna sun yi nauyi. Akwai wata mata mai tallar kayan miya a tsallaken hanya. Na sayi karas da albasa da lemun tsami bakwai. Na duba ban ga wata wuƙa ba sai ta Baba, ban ga wani katako ba sai na nama. Na ce a raina minti nawa ne. Na yanka, na matse, na haɗa, na sallami mutane, na tura ɓawon ƙarƙashin tebur da ƙafa da niyyar in kwashe in an natsa. Ban kwashe ba, wasu masu saye suka zo.

Malam Tanko shi ne dattijon mahautan wajenmu, abokin Baba ne, kullum in zai wuce masallaci sai ya tsaya mun gaisa. Ran nan ya tsaya, ya yi sallama, na amsa. Sai na ga hancinsa ya motsa. Ya dubi tebur, ya dubi wuƙa, ya sunkuya a hankali irin na tsofaffi, ya sa kan sandarsa ya jawo ɓawo guda zuwa fili. Ya dube shi, ya dube ni. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu.

"Ka gaida Garba," in ji shi. Ya wuce.

Washegari bayan la'asar aka kira mu zaurensa. Dattawa tara ne a zaune. Na je da burodi guda da na haɗa, da kwalbar, don su gani da idonsu. Na ajiye a tsakiyar tabarma, na faɗi komai tun daga wankin Malali har zuwa motocin Kano. Babu wanda ya taɓa burodin. Ƙuda ne kawai ya sauka a kan takardar. Malam Tanko ya bari na gama, sannan ya ce:

"Auta, babu wanda ya ce ka wanke nama. Abin da muka ce shi ne, an ga ɓawon lemun tsami a ƙarƙashin teburin nama a shekarar da shanu ke mutuwa. Ni na gani, na san ubanka. Gobe wani zai gani wanda bai san ubanka ba, kuma ba zai tsaya jin bayanin karas ba. Ba zai ce Auta ba. Cewa zai yi mahautan Kawo."

Gaskiya ya faɗa. Sai ya juya wajen Yaya.

"Garba, kai ke sayo naman. Ka tsaya masa?"

Yaya yana zaune kusa da ni, har gwiwarsa tana taɓa tawa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Naman da na sayo na san shi. Abin da aka yi masa bayan na juya baya, ban gani ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Bai gani ba ɗin. Amma shekara ashirin muna tsaye a gefen wuta ɗaya, ya san hannuna kamar yadda ya san nasa. Kalma biyu nake jira, ya ce na tsaya. Daga nan ban ƙara jin abin da ake faɗa sosai ba, sai hukuncin: in zubar da kwalba, in bar harkar burodi, in ci gaba da zama a tukuba, ko kuma in ɗauki tsamina in yi nesa da teburan mahauta. Aka ba ni kwana uku.

A tsakar gida aka ƙarasa maganar. Yaya ya ce akwai hanya mai sauƙi: in koma in ce aikin mace ne, ita ta kawo abin daga gidan baƙi, ni kuma na biye mata ban yi tunani ba. Dattawa za su yi dariya su ce a ja mata kunne, shi ke nan. Uwarku tana bakin murhu tana ji. Ita da kanta ta ce:

"Malam, ka faɗa musu hakan mana, ai ni na kawo. Ka zubar. Ruwan lemo ne da gishiri, ba jinin kowa ba."

Inna kuma daga ƙofar ɗakinta ta ce:

"Auta, bi maganar Babba. Ubanku bai bar muku kwalba ba."

Na ƙi. Shekaru ina gaya wa kaina cewa don yunwar yara na ƙi, da kuma don kada in kai sunan uwarku zauren maza a yi dariya da shi alhali ba ita ta riƙe wuƙar ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai na uku, wanda shi ne ya fi nauyi, kuma sai yanzu nake iya faɗinsa: maganar Yaya ce ta tsaya mini a rai. Da ya ce ya tsaya mini, da na zubar da kwalbar a gabansu da hannuna. Maimakon in gaya masa haka, sai na gaya masa abin da har gobe nake jin kunyarsa.

"Kai ka zauna ka yi gadin tokar Baba. Ni zan je in nemo abin da yara za su ci."

Ya tashi ya ɗauko wuƙar Baba daga cikin daro, ya ɗebi toka a murhu ya goge ta ciki da waje, ya ɗauraye, ya sake gogewa, ya mayar da ita kube, ya shiga ɗakinsa da ita.

Na sayi rabin duro da ragar waya, na kafa a bakin hanyar Malali inda ake ta gine-gine a lokacin. Leburori da magina da masu gadi su suka zama mutanena. Ba ruwansu da abin da lemun tsami ke nufi a wajen mahauta, su dai sun ga abin da ke riƙe ciki. Amma a kwatar da Yaya ke zuwa babu mai son a gan shi yana sayar mini, sai na koma hawa keke zuwa Rigachikun kullum da safe in sayo nama wajen wani mahauci da bai san labarin ba, ko ya sani bai damu ba. Wannan hanyar ce ta cinye gwiwoyin nan. Kafin watan ya ƙare muka bar gidan Hayin Banki muka kama ɗaki ɗaya, don tukunya ɗaya ba ta yiwuwa ga mutanen da ba sa gaisawa. Sunan Auta ya tsaya a Kawo. A sabon wuri Mai Tsami ake ce mini, wasu da wasa, wasu kuma sun san abin da suke nufi. Ban taɓa tanka wa kowa ba. In mutum ya faɗa, sai in yanko masa ɗanɗano in miƙa masa tsirara.

Ina zuwa gaida Inna ranar Juma'a, a lokacin da na san Yaya yana tasha. Sau uku ina kai mata burodin, sau uku tana mayar mini da shi a naɗe yadda na kawo.

"Haƙorana ba sa son tsami, Auta. Kai wa yara."

Tsamiya kuwa a kununta ba ta taɓa yi mata yawa ba. Na gane, na daina kaiwa. A shekara ta huɗu ta rasu. Ni da Yaya muka ɗauki gaban makara, shi dama ni hagu, kafaɗunmu suna tafiya tare, har muka je muka dawo babu wanda ya dubi wani. Shanu suka dawo, nama ya wadata, aka manta da bushiya. Har na ga wasu masu tsire a Kawo sun fara tura nama cikin burodi da ɗanyen kabeji, babu wanda ya kira su zaure. Malam Tanko ya rasu, sauran dattawan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Maganar ce kawai ba ta mutu ba, don ita ba ta buƙatar wanda ya gani.

Shekara goma sha ɗaya bayan zaman zauren, matar Yaya ta aiko mini cewa yana kwance, ƙirji ne, hayaƙin tukuba ya gama da shi. Ta ce ya tambaya ko har yanzu ina gashi. Ban san ko kira ne ko tambaya ce kawai ba, amma washegari na je Rigachikun na zaɓo cinya, na gasa, na haɗa burodi guda da duk abin da ake sa masa. Sai kuma na gasa wani ɗan guntu daban, babu yaji, babu komai sai gishiri, na naɗe shi shi kaɗai. Da hantsi na shiga gidan. Ɗakin Inna aka mayar da Yaya. Ya rame har na ga fuskar Baba a tasa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta fita.

"Sannu, Yaya."

"Ka zo."

"Na zo."

Na ajiye ƙunshin biyu a gefen katifarsa. Ya buɗe babban, ya duba, ya ture shi gefe da bayan hannu, ba da faɗa ba. Ya buɗe ƙaramin. Ya kai shi hanci ya daɗe, sannan ya sa a baki. Haƙoransa sun ragu, ya yi ta tauna, ni kuma ina kallon bango.

"Naman yau ne," in ji shi. "Cinya. Ka bar shi ya ɗan wuce a wuta."

"Hannun ne ya tsufa."

Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa, ya ce:

"Na ranar nan ma na ranar ne. Na sani. Tun a zauren na sani."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, Yaya?"

"Da na dawo daga kwata na ɗauki wuƙar zan yanka nama, sai na ji warin lemo a jikinta. Wuƙar Baba, Auta. Duk wuƙaƙen da ke Kaduna, sai ita ka ɗauka."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ban ce ya yafe mini ba, shi ma bai ce in yafe masa ba, mun dai zauna har aka kira azahar, na taimaka masa ya yi alwala. Babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Wanda zai maimaita maganar a waje babu, in kuwa ni na maimaita, cewa za a yi mai laifi ne ke wanke kansa da bakin mamaci. Kafin sati biyu ya rasu. Burodin da na kai, matarsa ta ce 'ya'yansa ne suka raba, har suna tambayar ko akwai saura.

To ga shi na rubuta. Ban wanke nama ba, ko sau ɗaya. Amma na yanka lemun tsami da wuƙar ubana a kan katakon nama don ƙyuyar tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba, na kuma gaya wa yayana maganar da ba a gaya wa yaya. In kun haɗu da 'ya'yansa ku gaishe su, ku fara gaishe su, ba su san komai ba sai abin da suka ji.

Burodin ya ciyar da ku, ya kai ku makaranta, ban raina ba. Abin da ya tafi kuwa ga shi. Tukuba ɗaya, wadda aka baje da aka faɗaɗa hanya, ban samu ko cikin hannu na tokarta ba. Wuƙa ɗaya, ban sake riƙe ta ba. Gwiwa biyu. Gidan da aka haife ni. Uwa ɗaya da ta rasu ba ta ɗanɗana abin da ya raini jikokinta ba. Gaisuwar ɗan'uwa ta shekara goma sha ɗaya. Da sunan da Inna ta sa mini, wanda tun da aka binne Yaya babu sauran mai kirana da shi.